Ƙafar Lissafi

Ran nan da la'asar muna zaune a wani zaure a Gyaɗi-Gyaɗi, ana shawarar bikin wani ƙanenmu. Wannan ya ce a yanka sa, wancan ya ce a kira makaɗa. Sai wani ɗan makaranta ya tambaya da Turanci, wa zai yi "foot the bill"? Wani dattijo ya ce a fassara masa. Da ya ji kalmar farko ƙafa ce, ta ƙarshe kuwa takardar kuɗin da a ke bin mutum, sai ya yi dariya, ya ce, "Ashe Bature da ƙafa ya ke biya?"

To, jama'a, ga asalin maganar. A Ingila in mai kanti ya jera farashin kaya, kowane ƙarƙashin ɗan'uwansa, sai ya tara su, ya rubuta jimla can ƙasan takarda. Wannan wuri shi su ke kira ƙafa, kamar yadda mu ke cewa gindin dutse. Da fari nufin maganar tara lissafi ne kurum. Cikin ƙarni na 19 ta koma kan wanda zai zuba kuɗin.

Kada mu yi mamaki, don mu ma bakinmu cike ya ke da irin wannan. Kuɗi jam'in wuri ne. Sa'ad da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 a ke ba da dalar azurfa guda. Kwabo daga sunan jan ƙarfe na Turanci ya fito, sisi kuwa kwabo shida ne. Tun 1973 naira ta kori fam da sule, amma har gobe matalauci cewa ya ke ba shi da ko sisi.

Abin da ya dame mu, masu shawara goma ne, mai biya ɗaya. In taro ya watse, ango za a bari yana laɓe wa masu shago a kasuwar Tarauni. Gaskiya ne bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba shi ya kamata a fara kai wa amarya ba.

Saboda haka muka ɗauko takarda muka jera komai. Da muka sauka ƙafa, sai zaure ya yi tsit. Nan take sa ya koma rago, makaɗa kuwa aka ce sai wani jiƙon. Allah ya ba su zaman lafiya, amin.