Albashin maigadi

Bayan sallar Asuba wani yaro ɗan wajen Sakkwato ya zauna har kowa ya watse. Gadi yake yi a wani gida a Ogba. Wata biyar ba albashi, da ya matsa sai maigidan ya ce ya naɗe tabarmarsa ya kama gabansa. Ya ce da ni, "Malam, na bar shi da Allah, addu'a kawai nake so."

Na yi masa addu'a, amma raina bai kwanta ba, don akwai mata da 'ya'ya biyu a gida suna jiran aike. Da Bahaushe ne maigidan, fadar Sarkin Hausawa za mu je a kashe magana a yini ɗaya. Wannan kuwa ina ruwansa da Sarki?

Maƙwabcina a kasuwa, wani Bayarabe mai sayar da fenti, shi ya nuna mana Citizens' Mediation Centre, ofishin sulhu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas tun 1999. Suna shiga tsakanin mai gida da ɗan haya, da ma'aikaci da ubangidansa, ba a biyan ko sisi, ba sai da lauya ba. Shekara talatin ina Agege ban san da shi ba, ni da ake kawo wa ƙara kusan kullum!

Suka aika wa mutumin takardar gayyata, ya kuwa zo. Da aka tambayi yaro nawa suka yi da shi, ina shaida, sai ya kalle ni. Da baki aka yi komai. Abin da ya cece shi saƙonnin banki ne na tsofaffin albashi da bai goge a wayarsa ba. Aka daidaita a kan wata huɗu, kowa ya sa hannu. Na biyar ya tafi, don ba wanda zai iya tabbatar da ranar da aka sallame shi.

A cikin danfo muna dawowa na tuna ina da yara biyu a shagon goro, ɗaya ya shekara shida tare da ni, ban taɓa rubuta abin da ke tsakaninmu ba. In na mutu gobe, da me zai tunkari magada? Ga shi ni ne mai wa'azi a kan haƙƙin ɗan ƙwadago.

Washegari na sayi littafi, na rubuta sunan kowa da albashinsa da ranar biya, na kira shaidu biyu. Babban ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Baba, ko korata za ka yi ne?"