Mako Guda Kunnena Yana Kabul

Talata, 20 ga Disamba, 2022
Bayan sallar isha'i ina zaune a ɗakina a Sakkwato, ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, rediyo yana gefe. Sai na ji an ce gwamnatin Taliban ta rufe wa mata ƙofar jami'a a duk faɗin Afghanistan, da sa hannun ministan ilimi mai zurfi, Neda Mohammad Nadeem. Na ajiye jan biro. A watan Maris ne aka buɗe wa 'yan mata sakandare da safe, kafin azahar aka sallame su. Yau an bi ta kan yayyensu.

Laraba, 21
Na ga hotunan ɗalibai tsaye a bakin ƙofa da littattafai a ƙirji, masu bindiga sun tare hanya. A Nangarhar kuwa, samari masu karatun likita sun ajiye jarrabawa sun fita saboda 'yan'uwansu mata. Duk yinin nan Fatima Amiri ce a raina. Ranar 30 ga Satumba bam ya tashi a cibiyar karatu ta Kaaj a Kabul, ya kashe mutum fiye da 50, yawancinsu 'yan mata. Fatima ta rasa ido ɗaya, amma ta zauna jarrabawar shiga jami'a da raunin bai warke ba, ta kuma ci. Bam bai tare ta ba, ga shi takarda ta tare ta.

Alhamis, 22
Mata sun fito titi a Kabul, sanye da hijabi, an kama wasu. Da dare ministan ya hau talabijin ya kawo dalilansa: wai ba a kiyaye sutura, wai ana cuɗanya, wai aikin injiniya da noma ba na mace ba ne. Maigidana, Malam, da ke cin tuwo ya girgiza kai ya ce, "In rufi yana yoyo, gyara shi ake yi, ba a rushe ɗakin."

Juma'a, 23
Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne cewa Musulmi ma sun tsawatar. Saudiyya da Turkiyya da Katar sun yi magana. Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya ce matakin ya saɓa wa shari'a. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda ɗan Chadi Hissein Brahim Taha ke jagoranta, ta nemi a janye shi.

Da la'asar na bi ta Hubbare, inda aka binne Nana Asma'u kusa da mahaifinta, Shehu Usmanu. Ita ma a ƙasar da yaƙi ya ratsa ta yi aikinta. Ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye ga matan da ba su iya zuwa. 'Yan Taru ke nan. Ba wanda ya isa ya ce 'yar Shehu ba ta san addini ba.

Asabar, 24
A Herat an watsa wa mata ruwa da motar kashe gobara, cikin sanyin da ya ninka hunturunmu. Kafin dare kuma aka hana mata aiki a ƙungiyoyin agaji. A Islamiyyar matan aure ta unguwarmu na ba da labarin. Wata tsohuwa da ta fara koyon baƙi da wasali bayan ta aurar da jikarta ta ce, "Malama, to in mace ta kwanta naƙuda, wa zai duba ta?" Aji ya yi tsit.

Lahadi, 25
Tambayar tsohuwar nan ta samu amsa. Save the Children da CARE da ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira ta Norway sun dakatar da aiki, domin a al'adar ƙasar namiji ba ya shiga wurin matan gida. Wato an rufe wa gwauruwa da marayunta hanyar abinci a tsakiyar sanyi.

Talata, 27
Bidiyon Farfesa Ismail Mashal ya iso wayata, yana yayyaga takardun digirinsa a gaban kyamarar TOLOnews, hawaye a idonsa. Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai ba su da bidiyo: malamai mata da suka mayar da ɗakunansu aji a ɓoye, allo ɗaya, labule a sake. Jajin wannan zamani ke nan, ba malfa, ba naɗi.

Mu da muka ga sace 'yan matan Chibok da Dapchi mun san yadda ake tsorata yarinya ta bar makaranta. Ranar da za a koma makaranta bayan hutu, 'yan'uwana iyaye, mu ƙirga 'yan matan layinmu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta fito ba, mu yi sallama a gidansu mu ji dalili.