Sa'a Biyar a Bakin Kogin Oti

Shekara 17 ke nan ina bin hanyar Sokode zuwa Dapaong, wata shekara sau biyu, wata sau uku, ko don taron malaman katikisma, ko don kai littattafai. Tafiyar ta kusa kilomita 300. In mota ta tashi da asuba, sai mu bi ta Bafilo da Kara, mu gangara duwatsun Defale, mu bar Kante a baya, sa'an nan ƙasa ta shimfiɗe, zafi ya ƙaru. Can sai a hau gadar kogin Oti, a shiga Mango. A dukan shekarun nan ban taɓa yin fiye da minti goma a garin ba. Direba ya tsaya, mata su kewaye mota da kifi banda da ruwan leda, mu saya ta taga, mu wuce. Duk da haka, da wani ya tambaye ni ko na san Mango, da na ce masa na san shi sarai.

A watan Janairu na 2024, cikin tsakiyar hunturu, motarmu ta soma tari tun ba mu kai gada ba, da ƙyar ta ja jiki zuwa tasha. Bakanike ya leƙa, ya ce famfon mai ne, kuma sai an aiko da wani daga Dapaong, wajen kilomita 70. Direba ya ce mana awa biyu kawai. Wanda ya saba da hanya ya san ma'anar awa biyun direba. Na ba shi lambar wayata, na ajiye kwalin littattafai wurin wata mai sayar da koko, na hau ɗan acaba, na ce ya kai ni bakin ruwa.

Cikakken sunan garin Sansanne-Mango ne, duk mai jin Hausa kuwa zai ji kalmar sansani a ciki. Mutanen garin, Anufo, waɗanda ake kira Cakosi, mayaƙa ne da suka taso daga ƙasar Ano a cikin Kodebuwa ta yanzu, a ƙarni na 18. Sarakunan Gwanja da na Mamprusi suka yi hayarsu don yaƙi, daga baya suka kafa sansaninsu a nan gaɓar Oti suka zauna. Fataken Hausa masu zuwa Salaga sayen goro ta nan suke bi da jakunansu, su yada zango, su biya fito, su haye. Jamusawa sun kafa bariki a garin a 1896, suka fita a 1914. Ashe gari ne da ya daɗe yana karɓar masu wucewa. Ni ma Hausar da nake rubutu da ita a zangon Sokode na tsince ta, inda uwata take sayar da abinci, wato ita ma guzurin waɗancan fatake ce.

Da na isa mashigi na tarar da wata farar mota mai ƙarfi, da Turawa biyu, miji da mata, da mai yi musu jagora. Suka ɗauki hoton mata masu wanki, suka ɗauki na yara, suka tambayi inda dorina take, jagoran ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙure, suka shige mota. Ba su yi rabin awa ba. Na tuna da manyan jiragen shaƙatawa da kan tsaya a tashar jirgin ruwa ta Lome, a kwashi fasinja a kai su tabkin Togo, a haye da su Togobil cikin kwalekwale, kafin magariba an mayar da su jirgi. Na ce a raina, me irin waɗannan za su ce sun gani? Na yi musu dariya a ɓoye, ina jin ni ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba.

Mai fiton tsoho ne, siriri, da hular saƙa wadda rana ta cinye launinta. Na gaishe shi da Hausa, ya ɗaga kai ya dube ni da kyau.

"Malam daga ina?"

"Daga Sokode, Baba. Mota ce ta lalace."

"To, Allah ya kawo ka ke nan, ba kai ka zo ba. Shiga."

Ya ce kakansa daga Yawuri ya zo, bin kifi ya kawo shi, bai koma ba. Tare da shi akwai jikansa, yaro ɗan shekara kamar 15, shi ke riƙe da gora a baya. Muka shiga mu bakwai, da mata uku masu dammunan itace, da wani saurayi da keke, da akuya ɗaure. Kowa ya biya sefa 100. Da rani ruwan ya janye ƙwarai, yashi ya fito fari fat a tsakiya, a wasu wurare gorar ma tana taɓa ƙasa. Amma tsohon ya nuna mini wata alama can sama a jikin gaɓa, ya ce a watan Satumba har can ruwa yake kaiwa, ya malale fadama duka. Kogin daga Benin yake fitowa, inda ake ce masa Panjari, ya ratsa arewacin Togo, ya shiga Gana ya zuba cikin tabkin Bolta. Tsohon bai taɓa ganin tabkin ba, amma ya san kowane gurbi na tafiyar yini guda sama da ƙasa, da inda tarwaɗa take kwana, da inda giwan ruwa kan bi.

Da muka sauke mutane a ƙetare, na roƙe shi ya kai ni in ga dorina. Muka shirya a kan sefa 1,500. Muka bi ruwa sama, ba mai magana, sai ƙarar filafili. Bayan wani lokaci ya ɗaga hannu, yaron ya kafa gora. Can nesa, inda ruwan ya yi duhu, na ga abu kamar duwatsu huɗu. Ɗaya ya motsa kunne. Wani ya nutse, muka jira har na ɗauka ya tafi, sai ya ɓullo da huci kamar an buɗe bakin tayar babbar mota. Tun ina makarantar mishan nake ganin hoton dorina a littafin karatu, ban taɓa ganinta da idona ba sai ran nan. Gabana ya faɗi, na kuma ji daɗi irin na yara.

Na fito da waya na ɗauka. Abin da ya fito ɗigo huɗu ne baƙaƙe a kan ruwa. Na ce, "Baba, a ɗan matsa kusa mana. 'Yata ba za ta yarda dorina ce ba."

"A'a, Malam. Akwai mai ɗa a cikinsu."

"Zan ƙara sefa 2,000."

Bai amsa ba. Ya juya kan jirgin da filafili, muka koma wajen wani tsibirin yashi, ya ce in sauka in huta. Nan ya zauna yana gyaran taru, yana magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce dorina da rana ruwa take, da dare take fita kiwo, kuma ba ta san iyakar gona ba. Bara cikin dare biyu suka gama da shinkafar ƙanensa, suka tattake abin da ba su ci ba. Tarun da yake ɗinkewa, su suka keta shi. Kashe ta kuwa laifi ne a gaban hukuma. Ya ce, "Ku kuna zuwa ku gan ta ku tafi. Mu da ita muke kwana."

Sa'an nan ya shiga zancen gandun daji, abin da ni ma na san kaɗan daga cikinsa. A zamanin Shugaba Eyadema, cikin shekarun 1970 da 1980, an faɗaɗa gandun namun daji na Keran da na kwarin Oti, aka tashi ƙauyuka da yawa daga gonakinsu. Tsohon ya ce a lokacin yana saurayi, an taɓa kama shi da kifi a inda ubansa ya saba su, aka ƙwace jirgin, aka yi masa dūka. Da rikicin siyasa ya tashi a 1990 da 1991, mutane suka koma filayensu, suka karkashe namun da suka samu. Ina ɗan yaro a Sokode a lokacin, na tuna manya suna ta zancen. A watan Nuwamba na 2015 kuma, da aka zo da shirin maido da gandun, mutanen Mango suka fito zanga-zanga, aka rasa rayuka, har da na wani babban ɗan sanda, gwamnati ta dakatar da shirin. Na ji wannan a rediyo a lokacinsa, na yi juyayi na kwana ɗaya, bayan 'yan makonni na bi ta garin na sayi kifi ta taga kamar kullum.

Ba na cewa a ƙarar da dorina. Halitta ce mai ban mamaki, in ta ƙare a Oti, jikokin tsohon nan ma sun yi hasara. Amma ban taɓa lissafa wanda yake biyan kuɗin zamanta ba, sai da na zauna a kan yashin nan.

Azahar ta yi, ya maido ni mashigi, ya tafi ƙarƙashin wata bishiya ya yi alwala. Ina tsaye ina kakkaɓe yashi daga takalmi, sai yaron ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, dubu biyun nan tana nan? In Baba ya tada salla, ni zan kai ka. Na san hanya ta bayan ciyawa, har ka ga haƙoranta."

Ya kai mai karatu, da na so in rubuta cewa na tsawata masa nan take. Ba haka aka yi ba. Na dubi tsohon, ya juya mana baya yana fuskantar gabas. Na dubi jirgin. Na sa hannu cikin aljihu, na taɓa takardar kuɗin, ina lissafi a raina cewa minti ashirin sun isa, yaron kuma ɗan ruwa ne, ya fi ni sanin abin da yake yi. Ni da nake koya wa yara sa'o'insa kowace Asabar, na tsaya ina auna ransa da hoto. Har na buɗe baki.

Wayata ce ta yi ƙara. Direba ne, yana faɗa, ya ce an gyara mota, in ban zo yanzu ba zai tafi ya bar ni, gama tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin arewa a watan Yuni na 2022 shingayen sojoji sun yi yawa, ba ya so dare ya same shi a hanya. Na ce wa yaron, "Wani jiƙon." Ko a'a sosai ban ce masa ba. Na ba shi sefa 500 na ce ya sha ruwa, na kira acaba. Ban jira tsohon ya sallame na yi masa ban kwana ba.

Muka isa Dapaong da almuru. Na yi kwana huɗu a taron, ban faɗa wa kowa ba. Da na koma gida na nuna wa 'yata hoton, ta dube shi ta ce duwatsu ne, uwarta ta ce ta yarda da babanta mana.

A hanyar komawar, da muka fito daga Mango muka hau gada, na roƙi wanda yake zaune bakin taga mu yi musaya. Ƙurar hunturu ta rufe kogin. Na hangi jirgi ɗaya can ƙasa, da mutum biyu a ciki, ɗaya zaune, ɗaya tsaye da gora. Kafin in tabbatar ko su ne, mota ta sauka daga gadar.