Daren da na kwana ina neman autopoint

Wannan makon ni aka ba filin, kuma labarin wahalar da na sha zan ba ku.

Ƙungiyarmu na tattara gajerun labarai don bugawa, aka ɗora min aikin gyaran rubutu. Labarai goma sha huɗu, kusan kowanne a waya aka buga shi, babu ƙugiya ko ɗaya: "daukar", "bangare", "kwarai". Saura kwana biyar a kai wa maɗaba'a. Sai na ce ai ina da difloma a kwamfuta, bari in haɗa Hunspell, manhajar duba kuskuren rubutu da László Németh na ƙasar Hungari ya yi, wadda LibreOffice da Firefox ke amfani da ita, in zuba mata kalmomin Hausa.

Na sauko da tushen manhajar daga GitHub zuwa tsohuwar kwamfutata mai Ubuntu, na buga autoreconf. Nan take ta tsaya, wai ba ta ga autopoint ba. A makaranta an koya mana rubuta ƙananan manhajoji, amma ba wanda ya faɗa mana cewa babbar manhaja aro take yi. Kamar mai tuwo ce da ke jiran gari daga mai niƙa, shi kuma yana jiran mai kawo dawa. Ɗaya ya ɓace, tukunya ta tsaya.

Na girka autopoint, ta ce libtool. Na girka shi, configure ya wuce, make ya gama. Na buɗe manhajar, sai ta ce ba ta samu libhunspell-1.7.so.0 ba. Abin da ni da hannuna na gama haɗawa! Nan na fi daɗewa, har aka ɗauke wuta, batir na ja baya, datata na ƙarewa. Na sake haɗawa sau biyu don haushi, wanda ba shi da wani amfani. Da na natsu na buga ldd, ya jero laburaren da manhajar ke nema, ya nuna wanda ya ɓace. Fayil ɗin yana zaune lafiya a /usr/local/lib, kundin da tsarin ke dubawa ne ba a sabunta ba. Umarni ɗaya, sudo ldconfig, ya kashe maganar.

Saura guda. Na so allon da ke nuna kalma ya ba ka zaɓin gyara, shi kuma sai da ncurses. Na rantse akwai ncurses a kwamfutar, kuma gaskiya ne. Ashe kunshi biyu ne: wanda manhaja ke aiki da shi, da mai -dev a ƙarshen suna, mai ɗauke da fayilolin .h da ake buƙata lokacin haɗawa. Na girka libncurses-dev, na sake configure da --with-ui.

Da asuba wani abokina ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki: "Malam, ai apt install hunspell kawai za ka buga." Gaskiyarsa. Ban ma duba ba.

Na rubuta SET UTF-8 a fayil ɗin .aff don ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai, na cika .dic da kalmomin da na tabbatar. Ta kama "daukar" da 'yan uwanta da yawa. Sai na iso labarin wata 'yar uwa da ta rubuta "ya bar kasa". Manhajar ta wuce shiru, don kasa kalma ce, ƙasa ma kalma ce. Dole na koma shafin farko da jan biro, na karanta labaran sha huɗu layi-layi. Ranar Alhamis da yamma na miƙa su.