Jemagun Hanyar Rogo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwa masu karatu abin da na gano.

Da farkon damina na tashi daga Karaye, garin da ke maƙwabtaka da madatsar Challawa wadda aka gama a 1992, na nufi Rogo. La'asar ta riske ni a wani gari. Bakin kasuwarsa akwai wani babban durumi, jemagu sun yi masa baƙi ƙirin. Na tarar samari sun tara tsofaffin tayoyi a gindinsa sun cinna wuta. Hayaƙi ya turnuƙe, iyaye suka watse, 'ya'yan da ba su iya tashi ba suna faɗowa, yara na bin su da sanda.

Na tambayi wani dattijo dalili. Ya ce, "Malam, kashinsu ya hana mu zama, wari ya kori masu tuwo, sun ƙare mana mangwaro." Gaskiyarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma kowa ya yi fushi da jemage, sai ya tuna da daddawar miyarsa, gama jemagu ne ke kai garin fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan cikin dare. Haka suke yi wa kuka da rimi. Masu binciken da suka bi sawun jemagun Ankara, ta ƙasar Gana, sun iske suna iya kai iri har nisan kilomita 75. Ga shi kuwa uwa ɗa guda take haifa a shekara, saboda haka ɓarnar yini ɗaya sai an yi shekaru ba a mayar ba.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. A birnin Sidni na Ostareliya, cikin 2012, hukuma ta tashi jemagu daga lambun gwamnati don suna kashe itatuwa. Da ƙara aka kore su, ba a sa wuta ba, kuma sai da aka zaɓi lokacin da ba su goyo. Duk da haka, a garuruwan ƙasar da dama, in an kore su sai su sauka unguwa ta gaba, wahala ta koma kan maƙwabci.

Malamai sun san hadisin tsuntsuwar da aka ɗebe wa 'ya'ya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata, ya kuma hana azaba da wuta.

Roƙona ga Mai Martaba Sarkin Karaye, wanda ƙasarsa ta haɗa Karaye da Rogo tun 2024, da hakimai da dagatai: a hana ƙuna. Baƙi ne, damina ke kawo su, in ta wuce su koma kudu. A matsar da rumfunan abinci, a sassabe rassan da suka rufe kasuwa bayan sun tafi, a kuma hana yara taɓa su saboda cuta.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta, Karaye.