Siddabarun Fim Ne Ya Zaunar Da Ni Gaban Kwamfuta

Duk wanda ya taso da kallon Indiya ya san daɗin fim ɗin siddabaru. Ni dai a wurina babu kamar Nagina na 1986, inda Sridevi ke rikiɗa ta koma macijiya, sai Mr. India na 1987, wanda Anil Kapoor ke ɗaura wani abin hannu ya ɓace ɓat, ba mai ganinsa sai ta jan gilashi. A gida ma muna da namu, irin su Daskin Da Riɗi, tatsuniyar da kakanni suka ba mu da baki muka zo muka gan ta a kaset. Irin ɓacewar da aljanu ke yi a finafinan da ba ta buƙatar wata na'ura: a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka. Tsohuwar dabara ce, Georges Méliès na Faransa yana yin ta tun kafin 1900.

Wanda ya rikita ni shi ne The Lord of the Rings, mai kashi uku, da ya fito a 2001, 2002 da 2003. Mai karatu, ka tuna Gollum? Wannan ƙanjamammen halitta mai manyan idanu, ka rantse da rai gare shi. Ashe mutum ne, Andy Serkis, ake sa masa matsattsun kaya masu ɗigo-ɗigo yana motsi, sannan ma'aikatan Weta Digital a Niyu Zilan su ɗora motsin a kan zanen kwamfuta. Dubban mayaƙan da suka yi wa Helm's Deep zobe a kashi na biyu kuwa, yawancinsu wata manhaja ce mai suna Massive ta ƙera su. Kashi na uku ya kwashi lambar Oscar 11 a 2004, kuma wallahi ya cancanta.

To, da muka ji an ce duk aikin kwamfuta ne, sai mu da yawa muka ce sai mun san ta. A shekarun 2000 hanya biyu ce. Ko ka biya kuɗi a makarantar kwamfuta, ko ka liƙe wa wani mai bizines senta kana yi masa aike. Wasu makarantun, gaskiya, sun ci kuɗin yara a banza. Wata guda ana rubuta wa ɗalibi ma'anar kwamfuta da tarihinta a allo, ɗalibai biyar a kan inji ɗaya, NEPA kuma ta ɗauke. A ƙarshe ga satifiket mai kyau, amma mai shi bai iya adana fayil ba.

Mu 'yan liƙe kuwa da wasan karta muka fara. Ana yi mana dariya, amma Solitaire ɗin nan da Microsoft ya saka a Windows tun 1990, an yi shi ne har da nufin hannu ya saba da jan abu da linzami. Daga nan sai Mavis Beacon don saurin bugu, sai Word, sai CorelDraw don haɗa fosta. Ni fostar fim ce ta koya mini buɗe folda, sa wa fayil suna, da kwafa a faifai, domin in ban adana ba wuta ta tafi, aikin yini ya bi ruwa. Ranar da na fara ganin an yanka hoto a Adobe Premiere, an sa mutum ya narke a hankali kamar hayaƙi, sai na ji ashe Gollum ba shi da nisa sosai.

Yanzu zamani ya sauya. Ƙannenmu a waya suke yin abin, da CapCut ko KineMaster, su rataya koren zani a bango su tashi sama kamar Harry Potter a kan tsintsiya. Abin burgewa ne. Sai dai ka zaunar da wasunsu gaban kwamfuta ka ce su buga takardar neman aiki, ko su gwada jarrabawar JAMB da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ka ga hannu na karkarwa a kan linzami, ido na neman inda harafin "a" ya shiga.