Allon da na ɗauka hoto a Meiji Jingu

A tsakiyar Tokyo akwai wurin bautar Shinto mai suna Meiji Jingu, wanda aka buɗe a 1920 da sunan Sarki Meiji da matarsa Shoken. A farfajiyarsa akwai bishiyoyin kafur biyu, rassansu sun sarƙe har inuwarsu ta zama ɗaya. Japanawa na kiransu miji da mata. An haɗa su da igiyar karan shinkafa mai kauri, an rataya mata fararen takardu, alamar tsarki a wajensu. Masu neman aure da ma'aurata kan tsaya gabansu su rusuna.

Da na ga haka sai na ji a raina na fi su. Na manta a garinmu ma akwai tsamiyar da ba a zama gindinta da tsakar rana.

Can gefe ana rataye ƙananan allunan katako, kowa ya rubuta buƙatarsa. Na bi ina karantawa, har na iske ɗaya da Turanci: wata mata ce ke roƙon miji, ta ce ta gaji da zaman kaɗaici, ta sa sunanta a ƙasa. Na ɗauki hoto, na tura zauren WhatsApp na gidanmu, na rubuta: "Ku ga masu neman miji wajen bishiya."

Dariya ta yi ta shigowa. Sai ga saƙon Yaya, wadda aurenta ya daɗe da mutuwa, ana yi mata gori a bikin kowace ƙanwa. Cewa kawai ta yi: "Allah Ya ba ta nagari."

Ina tsaye a wurin na karanta, jikina ya yi sanyi. Ban yarda bishiya na ba da miji ba, har gobe. Amma abin da na ɗauko kaɗaicin baiwar Allah ne, da sunanta a jiki, na baje wa mutanen da ba ta sani ba. Kuma a gaban Yaya na baje shi, ita da na sha jin motsinta da tsakar dare a kan sallaya, na kuma san abin da take roƙo.

Na kira ta ina kame-kamen ban haƙuri, ta ce, "Haba ƙanena, ba komai." Na koma na goge hoton, amma kafin nan wani ɗan'uwanmu ya riga ya tura shi wasu zaurukan, da sunan matar da komai.